Daga Tafiya Zuwa Sassarfa: Jawabi ga Waɗanda Aka Yi wa Tiyatar Rage Ƙiba da Iyalansu

Na gode da kuka bar rumfunanku na ɗan lokaci domin ku saurare ni. Ni ma'aikaciyar jinya ce, aikina bin unguwanni da kasuwanni, kuma a ƴan shekarun nan na fara haɗuwa da wata tambaya da a da ba na jin ta. Wani cikinmu, Alhaji ko Hajiya, ƙiba ta yi masa yawa, ga ciwon sukari ga hawan jini, sai ya tara abin da ya tara ya tafi babban asibiti, a gida ko a Masar ko Indiya, aka yi masa tiyatar rage tumbi. Ya dawo jiki ya fara sauƙi, sai ya tare ni ya ce: “Malama, yaushe zan fara gudu?” A kan wannan tambaya zan yi magana yau. Wanda ba a yi wa aikin ba shi ma ya kasa kunne, domin matakan da zan faɗa za su amfani duk mai nauyin jiki da ya daɗe bai motsa ba.

Mu fara da sanin abin da likita ya yi a cikin nan. Aikin da aka fi yi iri biyu ne. A na farko ana yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi a cire, a bar siriri mai kama da ayaba. A na biyu ana ware ƴar ƙaramar jaka a saman tumbin, a haɗa ta kai tsaye da hanji, abinci ya riƙa tsallake wani sashe na hanya. Ko wanne aka yi, mutum zai koma cin abinci kaɗan, nauyi ya yi ta zubewa a watannin farko. To amma wuƙar likita ba ta taɓa gwiwa ba, ba ta kuma ƙara wa zuciya ƙarfi ba. Ƙafar da ta shekara goma tana naɗe a kan tabarmar rumfa tana nan yadda take. Bayan haka, idan nauyi na zubewa da sauri, tsoka ma tana tafiya tare da kitse. Motsa jiki da cin abinci mai gina jiki su ne ke riƙe tsokar, su ne kuma ke taimakawa kada ƙibar ta dawo bayan shekara biyu ko uku, kuɗin da aka kashe ya tafi a banza.

Matakin farko tafiya ce, kuma tun a asibiti ake fara ta. Za ku ga ma'aikatan jinya na tashin majinyaci ya taka a ranar aikin ko washegari, domin kwanciya mai tsawo kan sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya tafi huhu, abin da kan yi kisa. Saboda wannan dalili, mai dawowa daga nesa a jirgi ko a mota ya riƙa tashi yana miƙe ƙafa a hanya. A gida, cikin mako biyu na farko, a yi tafiyar minti biyar zuwa goma a tsakar gida, sau uku ko huɗu a yini. Daga mako na uku a riƙa ƙara minti biyu ko uku, har a kai rabin sa'a ba tare da tsayawa ba wajen mako na shida.

A wannan tsakani kada a ɗaga abin da ya wuce kilo biyar, wato kusan nauyin tiya biyu ta gero. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce. Dilar atamfa, buhun albasa, jika mai ƙiriniya da ke son a ɗauke shi, duk a bar wa wasu. Ramukan da aka huda a fatar ciki ƙanana ne a ido, amma naman da ke ƙarƙashinsu bai gama haɗewa ba, kuma yunƙuri kan sa hanji ya turo ta wurin, a sake komawa ɗakin tiyata. Ku ƴaƴa da yaran shago, nan ne aikinku yake. Kada ku bari Baba ya ce “ai na warke” ya kama bakin buhu.

Mataki na biyu tafiya ce da sauri, daga mako na shida zuwa wajen wata na uku: rabin sa'a, kwana biyar a mako. Idan kun lissafa za ku ga minti 150 ke nan, daidai da mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane baligi ya samu a mako. Wanda ya tsaya a nan har ƙarshen rayuwarsa bai yi asara ba. Mai ciwon gwiwa, ko wanda har yanzu nauyinsa ke da yawa, gara ma ya tsaya a nan ko ya hau keke, domin a gudu kowane taku yana ɗora wa ƙafa ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki.

Mataki na uku shi ne sassarfa, kuma yana da sharaɗi biyu. Na ɗaya, likitan da ke duba ku ya amince, bayan ya auna jini da sukari ya kuma duba ɗinkin. Wanda aka yi wa aiki a ƙasar waje ya kai takardunsa ga likita na kusa, a Katsina ne ko a Maraɗi, a Sakkwato ko a Birnin Ƙonni, domin ya samu mai bin lafiyarsa. Na biyu, ku iya tafiyar rabin sa'a da sauri ku wayi gari ba ciwo.

Akwai wani tsari na mako tara da hukumar lafiya ta Ingila ke koya wa masu fara gudu, kuma a kansa nake ɗora shawarata. Kwana uku ne a mako, da ranar hutu a tsakani. A fara da tafiyar minti biyar don jiki ya ɗumama. Sai sassarfar minti ɗaya, tafiyar minti ɗaya da rabi, a maimaita sau takwas, a rufe da tafiyar minti biyar. A mako na biyu sassarfar ta zama minti ɗaya da rabi, tafiyar minti biyu. A haka ake ƙarawa har mutum ya iya rabin sa'a a jere. To, wannan tsari an yi shi ne don masu cikakken tumbi da ke zaune a ƙasar sanyi. Mu nan, wanda minti ɗaya ya yi wa yawa ya fara da rabin minti, kuma kowane mako a maimaita shi sau biyu kafin a wuce gaba. Idan mako tara ya zama wata biyar, babu wanda ya ci ku tara. Sannu ba ta hana zuwa. Ma'aunin sauri kuwa bakinku ne: in kuna iya amsa gaisuwa cikakkiya kuna sassarfa, kuna daidai; in numfashi ya hana ku, ku koma tafiya.

Yanzu ga abin da na fi jin tsoro, wato ruwa. Kowannenmu in ya yi gumi yakan kafa kai ya shanye kofi biyu. Wanda aka rage wa tumbi ba shi da wannan dama. Kurɓi kaɗan-kaɗan ne rabonsa, in ya kwankwaɗa sai ciwo da amai. Duk da haka yana bukatar lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, wato ledar ruwa uku zuwa huɗu, kuma ba a haɗa shi da abinci, sai an ba da tazarar rabin sa'a. Ma'anar wannan ita ce, ruwan gudun gobe tun yau ake shan sa. Na taɓa zuwa duba wata baiwar Allah mai sayar da yadi da ta fita sassarfa da hantsi a watan Afrilu, wata biyu kacal bayan aikinta, ba ta riƙe ko gora ba. Jiri ya kwashe ta a bakin hanya, sai da aka yi mata ƙarin ruwa. Ku fita bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga, da gorar ruwa a hannu. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ku rage ko ku koma tafiya kawai. Ranar da hazo ya yi kauri ku motsa a cikin gida. Ku riƙa duba fitsarinku: in ya yi ja kamar shayi ko ya ƙaranta, ranar ba ta gudu ba ce. Game da azumi a shekarar farko, ku tambayi likita tun kafin wata ya kama.

Kada ku nemi ƙarfi a lemon kwalba ko zoɓo mai sukari. Gas yana kumbura ƙaramin tumbi, sukari kuma kan zarce hanji da sauri ya jawo gumi, faɗuwar gaba, jiri da gudawa. Abin da tsoka ke so shi ne ƙwai, kifi, kaza, wake, awara da kindirmo, kuma su za a fara ci kafin tuwo, tun da wurin kaɗan ne. Ƙwayoyin bitamin da na ƙarin jini da aka rubuta muku na tsawon rai ne. In an daina su, kasala da ƙarancin jini za su hana ku ko da hawa matakala. Mai shan maganin sukari ko na hawan jini ya koma a sake auna masa adadin, domin abin da ya dace da shi yana kilo 130 zai iya kayar da shi yanzu.

Sai maganar ciwon jiki. Ƙwauri da cinya za su yi tsami a farko, hannu kuma zai so ya kai ga ƙwayoyin da ake tallansu a tire. Ibuprofen, diclofenac da dangoginsu suna haddasa gyambo da zubar jini a tumbin da aka ɗinke. Ku guje su, har da ƙulle-ƙullen ƙwayoyin da ba a san abin da ke ciki ba. Farasitamol da hutu sun isa, in ciwon ya wuce kwana uku a zo asibiti. A nemi takalmin gudu mai taushin ƙasa, ko na gwanjo ne, a bar silifa, a kuma zaɓi filin makaranta ko turba mai laushi maimakon kwalta. Matan da ba su son fita, zagayen tsakar gida ko tafiya da maƙwabciya ya wadatar, da hijabinsu mara nauyi. Su kuma tuna ana so a jinkirta ɗaukar ciki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi bayan aikin.

A ƙarshe, ku riƙe alamomin da in an gan su ba a jira gari ya waye: ciwon ƙirji, numfashi sama-sama ana zaune, kumburin ƙafa ɗaya da zafi, matsanancin ciwon ciki, amai da ya ƙi tsayawa, baƙin bayan gida, zazzaɓi, ko suma. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu a kai shi asibiti mafi kusa, ko ta wane ɓangaren iyaka yake, da takardun tiyatarsa a hannu.

Ku iyalai, ku raka su. Mutumin da ya shekara ana yi wa tumbinsa ba'a zai ji nauyin fita shi kaɗai yana sassarfa jama'a na kallo, amma in ɗansa ko matarsa na gefensa riƙe da gora, zai fita gobe ma. Mai tambaya ya same ni bayan an tashi. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya sa albarka a kasuwa.