MOTAR ƘAWA KO HAƘƘIN IYALI? JAWABI GA MATASA A GARIN SARA

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin malaman yankin Birnin Kudu da Gwaram ya gabatar a garin Sara bayan sallar Isha'i, a wajen walimar sunan ɗan wani ɗan'uwa. Asalin jawabin wata tambaya ce da wani matashi ya miƙo a rubuce, bai sa sunansa ba. A sha karatu lafiya.

Bayan godiya ga Allah (SWT) da salati ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa, Malam ya warware takardar ya karanta wa jama'a. Mai tambayar ya ce shi ɗan kasuwa ne, yana sayen riɗi da zoɓo a kasuwar Sara yana kaiwa Kano. Wata shekara da kasuwa ta yi masa kyau, tun yana saurayi, ya sayi mota 'yar Kwatano mai ƙofa biyu, irin mai ƙasa-ƙasan nan da aka ƙera domin gudu. Yanzu ya yi aure, Allah Ya ba shi 'ya mace, watanta huɗu. Motar tana nan lulluɓe da tamfol a ƙofar gida, ba ya fitar da ita sai da Sallah ko ɗaurin auren aboki, harkokinsa duka a babur yake yi. Mahaifiyarsa ta ce ya sayar. Abokansa sun ce ranar da ya sayar, ranar gari zai ɗauka ya karye. Shi kuma, in ji shi, zuciyarsa tana son motar nan ba kaɗan ba.

Malam ya ninke takardar ya ce, "'Yan'uwa, kada kowa ya yi dariya. Wannan tambaya tamu ce mu duka. Wani tasa mota ce, wani babur ne na yayi, wani doki ne, wani kuwa waya ce mai tsadar da ta fi kuɗin abincin gidansa na wata uku. Shi dai wannan ya fi mu gaskiya ne, da ya tambaya."

ƘAWA BA HARAMUN BA CE

Malam ya fara da cewa ba zai ce wa mai tambaya mallakar motar haramun ba ce, domin ba shi da hujjar faɗin haka. Ya yi nuni da aya ta 8 a Suratun Nahli, inda Allah (SWT) Ya ambaci dawakai da alfadarai da jakuna cikin ni'imominSa, Ya kuma ambaci amfani biyu gare su, wato hawa da ado. Ashe ke nan son abin hawa mai kyau yana cikin ɗabi'ar ɗan Adam, kuma matuƙar da halal aka saya, ba wanda zai tsangwami mai shi.

Amma kuma, in ji Malam, akwai hadisin Abu Huraira (RA) a Bukhari da Muslim wanda ya kasa masu doki gida uku: wanda dokinsa lada ne gare shi, da wanda dokinsa rufin asiri ne gare shi, da wanda dokinsa nauyin zunubi ne a kansa, wato wanda ya ɗaure shi domin alfahari da riya. Doki ɗaya ne, niyya da amfani su suka raba. To haka motar take. Sai kowa ya tambayi kansa, tsakaninsa da Allah, cikin ukun nan wane gida abin hawansa ya faɗa.

ABIN DA KE TSAYE MA YANA CI

Daga nan sai Malam ya kawo misali da abin da mutanen ƙasar nan suka sani. Ya ce duk wanda ya taɓa ɗaure dokin Sallah ya san hawa bai fi 'yan kwanaki a shekara ba, amma dawa da harawa da kanwa kullum ne, ko an hau ko ba a hau ba. Shi ya sa dattawa ba sa tambayar nawa aka sayi doki, sai su tambayi wa zai ci da shi.

"Samari suna zaton mota ta fi doki sauƙi, wai ita in an kashe ta an rufe shi ke nan. Ku je ku tambayi bakanike," in ji Malam. Ya ce motar da ta daɗe a tsaye batirinta yakan mutu, tayoyinta su tsattsage ko da ba su taka kwalta ba, robobin inji su bushe su fara yoyo, birki ya yi tsatsa, man da ke cikin tanki ya lalace bayan 'yan watanni, ɓeraye kuma su shiga su cinye wayoyi. Baƙin mai ko ba a yi tafiya ba yana da lokacin canji. Takardu kuwa duk shekara sai an sabunta, kuma inshorar dole ta ƙananan motoci ta tashi daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 tun daga Janairun 2023.

Ya tunatar da cewa kafin ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta kai wajen naira 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Dala da take wajen naira 460 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta wuce naira 1,500 a 2024, kuma kayan gyaran mota da dala ake shigo da su. Irin wannan mota kuma ba kowane bakanike ne ya san ta ba. Abu kaɗan ya lalace sai an tafi Ƙofar Ruwa a Kano, wani lokaci a can ma a ce sai an aiko da shi daga Legas.

Malam ya shawarci mai tambaya da ya ɗauki biro da takarda ya rubuta duk abin da motar ta ci a shekarar da ta wuce, sannan ya raba da yawan ranakun da ya hau ta. "In ka ga kuɗin fita ɗaya ya kai buhun gero, to ka san da bakin wa take ci."

RANAR BUƘATA

Malam ya ce akwai ma'auni na biyu wanda ya fi na kuɗi, shi ne ranar buƙata. Mai iyali ba domin ranar Sallah yake ajiye abin hawa ba. Yana ajiyewa ne domin daren da naƙuda za ta tashi, ko daren da zazzaɓin damina zai kama yaro har ya fara sanƙarewa, a ce sai an kai shi asibitin Gwaram ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu.

"To a wannan dare me motarka za ta yi maka? Ka yaye tamfol, ka murza makulli, batir ya mutu. Ka tashi maƙwabta su tura. In ta tashi, cikinta yana jan ƙasa, ba ta iya ratsa yashi da kwatami kafin a hau kwalta. Ƙofa biyu ce, ina mai naƙuda za ta kwanta, ina gwaggon da za ta riƙe ta za ta zauna? Ƙarshenta mai motar haya za ka buga wa waya, kamar wanda bai taɓa mallakar mota ba."

Ya ƙara da cewa ko lafiya lau ake, rungume jariri a kujerar gaba haɗari ne, domin in aka taka birki da ƙarfi ba hannun da zai iya riƙe shi, wurin yara kujerar baya ne. Sannan ya ja kunnen matasa game da wasan mota da tsere da ake yi a wajen bukukuwa. Ya ce motar gudu kiran gudu take yi, kuma saurayin da ya zama uba ya sani cewa in ya jefa ransa a halaka, ba shi kaɗai ya tafi ba, ya bar marainiya da bazawara.

WANDA YA FI CANCANTA DA DUKIYARKA

Dangane da hukunci kuwa, Malam ya ce ciyar da mata da 'ya'ya da tufatar da su wajibi ne a kan uba, kamar yadda ya zo a aya ta 233 a Suratul Baƙara, kuma aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta nuna kowa zai ciyar ne gwargwadon abin da Allah Ya hore masa. Ya kawo ma'anar hadisin da Muslim ya ruwaito, inda aka jera dinarin da aka kashe a tafarkin Allah, da na 'yanta bawa, da na sadaka ga miskini, da wanda mutum ya kashe wa iyalinsa, aka nuna na iyali shi ya fi lada. Ya kuma tuna nasihar da Manzon Allah (SAW) ya yi wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (RA) lokacin da yake jinya, cewa barin magada cikin wadata ya fi a bar su suna roƙon mutane.

Saboda haka, in ji Malam, mota halal ce, nafaƙa kuwa wajibi ce, kuma ba a tauye wajibi domin halal. Duk wanda mai jego take gidansa ba ta samun abinci mai gina jiki, ko ana binsa bashi, ko haya yake zaune ba shi da ko fili, alhali kuɗi masu yawa suna kwance ƙarƙashin tamfol, to wannan ba ya buƙatar dogon bincike, sai ya sayar.

Malam ya ba da labarin Jabir ɗan Abdullahi (RA). Mahaifinsa ya yi shahada a Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, ya bar masa bashi da ƙanne mata. Jabir saurayi ne, amma da ya tashi aure sai ya auri bazawara, domin ya samu wadda za ta kula da ƙannensa, Manzon Allah (SAW) kuma ya yi masa addu'a. "Ku duba, 'yan'uwa. Yana da abin da ransa yake so kamar kowane saurayi, amma da nauyi ya hau kansa sai ya sa son ransa a baya. Wannan ita ce mazantaka."

Game da tsoron a ce ya karye kuwa, Malam ya ce waɗanda za su faɗi haka ba su ne za su biya kuɗin magani ba, kuma surutun gari bai wuce kasuwa biyu ko uku ba, sai a samu wani sabon labari.

IN ZA A SAYAR

Malam ya gargaɗi mai tambaya da kada ya sayar ya zuba kuɗin a aljihu. Ya ce a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100, wanda ya sayar da kadara ya riƙe takardar naira a irin wannan lokaci, ƙanƙara ya riƙe a tsakar rana. Kafin ya kira dillali, ya san inda kuɗin za su shiga. Ya fara da biyan bashi. Abin da ya rage ya ƙara jari, ko ya sayi gona ko fili, ko shanun huɗa, ko tumakin kiwo da sunan yarinyar, ga kasuwar Sara nan a ƙofar gida. In kuma lallai gidan yana buƙatar mota, ya musanya da mai ƙofa huɗu, mai tsayi daga ƙasa, wadda kayanta suke samuwa, wadda za ta ɗauki iyali ta ɗauki buhu.

Ya ce ya shawarci matarsa, domin ita ta san abin da ke cikin tukunya, ya kuma girmama maganar mahaifiyarsa, sannan ya yi istihara. Wajen ciniki ya bayyana wa mai saye duk aibin da ya sani, domin ɓoye aibi algus ne kuma yana shafe albarkar ciniki.

Wanda kuwa Allah Ya yalwata masa, gidansa ba abin da ya rasa, ba a binsa bashi, yana da wani abin hawa na iyali, to ba laifi ya riƙe motarsa. Sai dai ya kula da ita, ya bar ganganci, ya kuma riƙa duba zuciyarsa kada ta zama dokin nan na uku.

TAMBAYOYI

Wani ɗan'uwa ya tambaya ko akwai zakka a kan irin wannan mota. Malam ya ce abin hawan da mutum ya saya domin kansa, ba domin kasuwanci ba, babu zakka a kansa ko da yana da tsada. Amma in aka sayar, kuɗin suka kai nisabi, shekara ta zagayo suna hannu, to zakka ta wajaba.

Wani kuma ya ce, to idan ya sayar ya zo yana nadama fa? Malam ya yi murmushi ya ce zai ji zafi ranar da za a ja ta, wannan ba makawa, kuma ba aibi ba ne mutum ya ji zafin rabuwa da abin da ya sha wahala ya saya. Amma mota ana ƙera wata kullum, in Allah Ya buɗa gaba zai sayi wadda ta fi ta. Shekarun farko na yaro kuwa, da abincinsu da rigakafinsu da tarbiyyarsu, in sun wuce ba kasuwar da ake sayo su.

Daga ƙarshe Malam ya yi addu'a Allah Ya raya abin da aka haifa bisa tafarkin Musulunci, Ya ba mai jego lafiya, Ya yi wa mai tambaya zaɓin alheri, Ya kuma ba matasa ikon sauke nauyin da ke kansu. Aka shafa, aka tashi.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.