Wa Ke Tsaye a Bakin Fili? Darasi Daga Ƙwallon Kwando Game da Tarbiyyar Matasa

  

Maudu'in da za mu tattauna a wannan zama shi ne ƙwallon kwando da abin da yake koya mana game da tarbiyya. Mai yiwuwa wani ya ce, duk mas'alolin da suka dami al'umma a rasa abin tattaunawa sai wasa? Amsarmu ita ce: tsakanin La'asar da Magariba, ina 'ya'yanmu suke? Makaranta ta tashi, uba yana kasuwa ko wurin aiki, yaro kuwa yana fili. To, wanda ya tsaya a bakin filin nan, shi ne malamin yaron na wannan lokaci, ko mun yarda ko ba mu yarda ba. Abin da muke so mu tabbatar shi ne, babu ɗan wasan da ya tashi shi kaɗai. Kowane akwai wanda ya kama hannunsa, kuma irin hannun da ya kama shi ne yake nuna inda zai ƙare.

Asalin wasan

Shi wannan wasa a makaranta aka haife shi, kuma saboda tarbiyya. A watan Disamba na 1891, wani malami haifaffen Kanada mai suna James Naismith yana koyarwa a makarantar horas da ma'aikata ta ƙungiyar matasan Kirista, wato YMCA, a garin Springfield na jihar Massachusetts a Amurka. Sanyin hunturu ya hana ɗalibai fita waje, zaman ɗaki ya gundure su, sai aka umarce shi ya samo abin da zai shagaltar da su. Ya rataya kwandunan 'ya'yan itace guda biyu a bangarori biyu na zauren motsa jiki, ya rubuta ƙa'idoji 13, daga ciki har da hana ture abokin hamayya ko dukansa. Tsawon da ya rataya kwandunan, wato mita 3.05, shi ne ake bi har yau.

Abin lura a nan shi ne, mutanen nan sun ga ƙarfin ƙuruciya yana neman mafita, sai suka haƙa masa magudana. Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan fahimta, domin ya inganta cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, kuma ya bar Habashawa suna wasa da māsu a cikin masallacinsa. Saboda haka maganarmu a yau a kan wanda ke kula da wasan take.

Hannayen da suka kama Hakeem

An haifi Hakeem Olajuwon a Legas a 1963, iyayensa suna sana'ar sayar da siminti. Yana yaro gola ne a ƙwallon ƙafa, kuma yana buga ƙwallon hannu. Bai taɓa ƙwallon kwando ba sai da ya kai kimanin shekara 15, yana ɗalibi a Kwalejin Malamai ta Musulmi da ke Legas. Makarantarsu ta tafi gasar wasannin makarantun horon malamai a Sakkwato, shi yana cikin 'yan ƙwallon hannu, sai wani ɗan uwansa ɗalibi ya je ya roƙi koci a sa dogon yaron nan a ƙungiyar ƙwallon kwando. Ku duba, hannun farko da ya kama shi na aboki ne, tsaransa.

A 1980 ya sauka a Jami'ar Houston a Amurka, ƙarƙashin koci Guy Lewis. Shekarar farko bai buga gasa ba, ta biyu kuma kaɗan ake sa shi. Da ya nemi shawarar yadda zai ƙara ƙwarewa, sai aka tura shi wani zauren wasa na jama'a a cikin gari mai suna Fonde, inda Moses Malone yake motsa jiki lokacin hutu. Malone a lokacin ya riga ya zama gwarzon gasar NBA, wadda ita ce mafi girma a duniya a wannan wasa. Babu abin da ya wajabta masa kula ɗan baƙo daga Afirka, amma ya tsaya yana kara wa da shi, ba ya sassauta masa, har yaron ya yi ƙwari. A 1984 ƙungiyar Houston Rockets ta ɗauki Hakeem a matsayin na ɗaya cikin sababbin 'yan wasan shekarar, alhali Michael Jordan shi ne na uku.

To amma ƙwarewa daban, hali daban. A shekarunsa na farko an san Hakeem da saurin fushi da faɗa a fili. A 1986, a wasan da Houston ta fitar da Los Angeles Lakers ta kai wasan ƙarshe, alƙalin wasa ya kore shi saboda faɗa, abokansa ne suka ƙarasa ba tare da shi ba. Daga baya ya koma ga masallaci da karatun addininsa, a 1991 ya gyara rubutun sunansa daga Akeem zuwa Hakeem, kuma waɗanda suka yi wasa da shi sun shaidi natsuwar da ta sauko masa. Natijar da ta biyo baya a fili take: Houston ta ci kofin NBA a 1994 da 1995, kuma a 1994 ya haɗa lambar gwarzon shekara da ta gwarzon tsaro da ta gwarzon wasannin ƙarshe a kaka guda. Azumin Ramadan na 1995 ya faɗo a watan Fabrairu, yana azumi yana wasa, kuma shi aka zaɓa gwarzon wannan wata.

Akwai abubuwa biyu da suka fi kofunan nan muhimmanci a wurinmu. Na farko, a 1995, lokacin da takalman manyan 'yan wasa suka haura dala 100, ya sa sunansa a kan takalmin kamfanin Spalding da ake sayarwa dala 35, bisa hujjar cewa uwa talaka mai 'ya'ya da yawa ba za ta iya sayen masu tsadar ba, kuma yara suna sata har da kisa saboda takalmi. Na biyu, bayan ya yi ritaya a 2002, ya buɗe ƙofarsa ga na baya: Kobe Bryant ya je wurinsa a 2009, LeBron James ya je a 2011, suna koyon sarrafa ƙafa a ƙarƙashin kwando. Abin da Malone ya ba shi, ya miƙa wa wasu.

Darasin Zariya

Misali na biyu ya fi kusa da mu. Masai Ujiri an haife shi a Ingila a 1970, amma a Zariya ya tashi, kuma a filayen Zariya ya fara ƙwallon kwando yana ɗan shekara 13. A can ya haɗu da Oliver Johnson, Ba'amurken kocin nan da ya shafe shekaru masu yawa yana horas da yara a Jami'ar Ahmadu Bello. Masai ya tafi Amurka karatu da wasa, ya buga a Turai na wasu shekaru, amma bai taɓa buga wasa ko ɗaya a NBA ba. In da ma'aunin nasara shi ne shiga NBA, da sai a ce ya faɗi.

Amma me ya faru? A 2002 ya fara aikin farauto matasa masu hazaƙa ga ƙungiyar Orlando Magic ba tare da albashi ba, yana biyan kuɗin tafiyarsa da kansa. A 2010 ya zama babban manajan Denver Nuggets, a 2013 aka zaɓe shi gwarzon shugabannin ƙungiyoyi, kuma a ƙarƙashin jagorancinsa Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019, karo na farko da kofin ya bar Amurka. Ya riƙe ƙungiyar har 2025. Tun 2003 kuma ya kafa gidauniyar Giants of Africa, wadda ta fara da sansanin horo a Nijeriya, ta bazu zuwa ƙasashen Afirka da dama, kuma a 2021 ta yi alkawarin gina filaye 100 a nahiyar. Abin da ya ɗauko daga filin Zariya, wato kiyaye lokaci da juriya da iya zama da mutane, shi ne ya yi masa amfani bayan ƙafa ta daina tsalle.

Mu yi lissafi

Ya ku matasa, wajibi ne mu gaya muku gaskiya ko da ba daɗi. Gasar NBA ƙungiyoyi 30 ne, kowace ba ta wuce 'yan wasa 15 a babban jerinta, wato kimanin mutum 450 ke nan daga duk duniya. Sababbin da ake zaɓa kowace shekara ba su wuce 60. Yanzu ku ƙirga yaran da ke jefa ƙwallo a Kano da Kaduna da Jos da Legas kaɗai, balle Amurka da Turai. Duk kocin da ya ce wa yaro ya bar karatu domin zai kai shi waje, ya cuce shi. Duk wanda ya rage wa yaro shekaru a takarda domin ya shiga gasar ƙanana, ya koya masa ƙarya tun kafin ya koya masa wasa, ya kuma zalunci ɗan wani da aka tauye. Kocin kirki ana gane shi ne da halin yaran da suka rage a gida: nawa suka gama makaranta, nawa suka kama sana'a, nawa suka tsira daga shaye-shaye da daba da bangar siyasa.

Amanar da ke wuyan koci

Kada kuma mu ɗauka duk mai busa usur abin amincewa ne. A 2021 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto game da cin zarafin 'yan mata 'yan wasa a ƙungiyar matasa ta ƙasar Mali, kuma binciken da hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta sa aka yi a wannan shekara ya tabbatar da cewa ɓarnar ta daɗe, kuma an yi ta rufe ta. Yadda abin yake faruwa a bayyane yake: koci shi ke da ikon sa yaro a wasa ko ajiye shi, shi ke zaɓen mai tafiya gasa, yaro kuwa yana tsoron in ya yi magana ƙofa ta rufe. Inda iko ya taru a hannun mutum guda, babu idon iyaye, babu wurin kai ƙara, to an buɗe ƙofar fitina. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Haka zama da mutumin kirki yake barin alama. Gafalarmu ce take ba miyagu fili.

Abin da ya rage gare mu

Filin ƙwallon kwando tsawonsa mita 28 ne, faɗinsa 15, mutum biyar-biyar suke bugawa, kuma ko rabin fili da kwando ɗaya ya isa a yi uku-uku. Harabar makarantun Islamiyya da na boko da yawa za ta ɗauke shi. Saboda haka muna ba da shawarwari kamar haka.

Na farko, kowace unguwa da ke da fili ta sami kwamitin iyaye da malamai da zai san kocin, ya san gidansu da halinsa, kuma a riƙa samun babba a bakin fili a kowane zama. Kada a bar koci ya keɓe da yaro, ko ya yi tafiya da yara ba tare da wakilin iyaye ba. 'Yan mata kuwa a samar musu wuri da lokaci nasu, da masu horarwa mata.

Na biyu, a ɗaura wasa a kan karatu. Yaron da bai je makaranta da safe ba, ba ya shiga fili da yamma, kuma koci ya riƙa duba sakamakon jarrabawa kamar yadda yake duba ƙwallayen da aka jefa.

Na uku, a tsara lokaci yadda za a fara bayan sallar La'asar a tashi kafin kiran Magariba, a kiyaye sutura, a hana caca da zagi. Yaron da ya koyi karɓar hukuncin alƙalin wasa alhali yana ganin an ƙware shi, ya koyi haɗiye fushi, kuma wannan darasi zai bi shi har gidan aurensa.

Na huɗu, manyan 'yan wasa su ɗauki ƙanana, kowane ya riƙe biyu ko uku, yana tambayar lafiyarsu da karatunsu. Masu hali kuma su sani cewa ƙwallo da kwando da buhunan siminti kaɗan sadaka ce mai gudana, matuƙar an kyautata niyya.

Ya ku 'yan uwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗa na kowa ne. Ɗalibin da ya yi wa Hakeem magana a Sakkwato bai san abin da zai zama ba, haka kocin Zariya bai san wanda ke gabansa ba. Sun dai yi abin da ya hau kansu. Filayen unguwanninmu cike suke da yara a kowace yamma. In mutanen kirki ba su tsaya a bakinsu ba, wasu za su tsaya.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ba masu horas da su ikon riƙe amana, Ya sa mu dace.