Kujerar da ake ajiye wa ciwo

 

Kowane makiyayi ya san in saniya ta tsaya cikin ɗanyar ciyawa ta ƙi sa baki, to akwai abin da ke damunta. Haka ɗan Adam. Akwai ciwon da ke raba mutum da abinci alhali rumbu cike yake. Ba tamowa nake nufi ba, wadda rashi ke kawowa. Wannan daga ƙwaƙwalwa yake tasowa, kuma ya fi kama 'yan mata masu tasowa, ko da yake maza ma ba su tsira ba.

Akwai wanda ake kira anoreksiya: yarinya ta riƙa ƙin abinci don tsoron ƙiba, ta rame ƙwarai, amma in ta dubi madubi sai ta ga kamar jiki ya yi mata yawa. Wani likitan Ingila, William Gull, shi ya raɗa masa wannan suna a 1873. Akwai kuma bulimiya: a ci da yawa a ɓoye, sannan a je a ƙaƙaro amai. Kada a ɗauka shagwaɓa ce. Anoreksiya na cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa, domin doguwar yunwa tana raunana zuciya.

To, ina ruwan wasan kwaikwayo da wannan? Wani likita ne, Jacob Moreno, da aka haifa a Romaniya a 1889, ya yi karatu a Biyana ta ƙasar Ostiriya, ya koma Amurka a 1925. Shi ya lura cewa abin da mutum ya kasa faɗi a zaune, sau da yawa yakan fito in an ce ya tashi ya nuna. Ya kira hanyar tasa saikodirama, wato jinya ta hanyar kwaikwayo. Ba irin wasan da kuke ji a rediyo ba ne. Babu rubutaccen labari, babu 'yan kallo na waje. Mai jinya ce ke buga labarin rayuwarta, tare da 'yan uwanta masu jinya, ƙarƙashin ƙwararre.

Zaman kashi uku ne: a fara da sakin jiki, a shiga wasan, a ƙare da kowa ya faɗi inda abin ya taɓa shi. A ce yarinya ce ta daina ci. Sai a ajiye kujera babu kowa a kai, a ce mata: ga ciwon nan zaune, yi masa magana. Bayan ta amayar da abin da ke ranta, sai a ce ta koma kan kujerar ta amsa da bakin ciwon. A nan ne ake jin muryar da ke hana ta ci, mai ce mata ba ta da daraja sai ta rame. In ta ji muryar daga waje, sai ta fara gane cewa ita daban, ciwon daban.

Akwai kuma musayar matsayi. A shirya zaman cin tuwon dare kamar na gidansu, ita ta zama uwar, wata ta zama ita. Sai ta ɗanɗani tsoron da ke bayan faɗan uwa. Wani lokaci wata ta tsaya a bayanta ta furta abin da ta haɗiye, ita kuma ta ce haka ne ko ba haka ba.

Amma ku riƙe wannan da kyau. Kwaikwayo ɗan rakiya ne, ba shi ne jagora ba. Binciken da aka yi a kansa bai kai na jinyar da ke haɗa iyali gaba ɗaya ba. Wadda ta rame sosai, likita za ta fara gani, kuma a hankali ake mayar mata da abinci, domin ɗura mata da yawa lokaci guda na iya zama ajalinta. Ba kuma abin gwadawa a tsakar gida ba ne, don yana tono tsohon miki.

Mu nan matsin ya fi zuwa ta ɗaya gefen. A kasuwanninmu ana sayar da ƙwayoyin sha-ka-fashe ga 'yan matan da gori ya hana su sakat don ba su da jiki. Tushen ɗaya ne: yarinya ta tsani jikinta saboda bakin mutane.

Don haka iyaye, in 'yarku ta fara gudun kwano, ko tana zagayawa bayan kowane ci, a bar duka da gori. A zaunar da ita a ji ta bakinta, sannan a kai ta asibiti. Abin da Moreno ya koyar ke nan: kafin ka yanke wa mutum hukunci, zauna a kujerarsa.