Haraji da Mulkin Karkara a Ingila



A wurare da yawa na karkarar Ingila, majalisu uku ke riƙe da jama'a. Majalisar lardi, wadda dokar 1888 ta kafa, ita ke kula da hanyoyi da makarantu. Ta gunduma ke ba da iznin gini da kwashe shara. Ta ƙauye kuwa, wadda aka soma a 1894, takan lura da maƙabarta da filin wasa.

Gunduma ke karɓar harajin gida, amma mafi yawansa lardi take miƙa wa. Takardar harajin kowane maigida tana nuna rabon kowace majalisa. Saboda haka in hanya ta lalace, talaka ya san wanda zai tuhuma, ran zaɓe kuma ya tuna.