Motar Haya: Zama, Wuri da Riƙon Hanya

Motocin da kamfanonin haya ke bayarwa a Abuja da Kano galibinsu Toyota ne, kuma kowace da halinta a kan titi.

Corolla ce aka fi samu. Sitiyarinta ba nauyi, tana shiga lungu ta fita, ba ta shan mai sosai. Sai dai mutum uku manya a kujerar baya kafaɗa na gugar kafaɗa, dogon mutum kuwa gwiwarsa na taɓa kujerar gaba kafin a kai Zariya. Camry ta fi ta faɗi, ta kuma fi haɗiye gargada.

Ga iyali masu kaya, Sienna ta yi zarra. Tana ɗaukar mutum 7 ko 8, ƙofarta ta gefe zamewa take yi, abin da ke sauƙaƙa wa tsofaffi shiga. Idan aka kwantar da kujerun ƙarshe, akwatuna da buhuna duk su shige. Illarta ita ce ƙasa-ƙasa take. In an cika ta, cikinta kan daki tudun rage gudu.

Hilux, wadda aka fara ƙerawa a 1968, ta hanyar karkara ce. An yi bayanta don ɗaukar nauyi, shi ya sa in babu kaya take tsalle a kan ramuka har fasinja ya ji a ƙugunsa. Tsayinta kuma na sa ta karkata a kwana, dole direba ya sassauta tun kafin ya shiga.