Neman Littattafan Ƙuruciyarmu a Wurin 'Yan Gwanjo



Abin da za mu yi magana a kansa yau ƙaramin abu ne a ido, watau littattafan nan masu hotuna waɗanda muka buɗe ido da su a makarantar firamare. Muna nufin irin su Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu, da Magana Jari Ce, da Iliya Ɗan Maiƙarfi, da Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, wanda ya fara fitowa a 1971 cikin littattafai shida. In muka tambayi jama'ar da ke cikin ɗakin nan wa ya san Waziri Aku ko Malam Zurƙe, da yawa za su ɗaga hannu. To, amma in muka ce wa zai iya shiga gida ya fito mana da littafin da ya karanta su a ciki, sai hannuwa su sauka.

Littattafan nan ba daga sama suka faɗo ba. Gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Bayan haka aka kira Abubakar Imam Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, wanda littafinsa na farko ya fito a 1937. Kamfanin Gaskiya ya kafu a 1945, hukumar NORLA ta yi nata aikin ta rufe a 1959, sa'an nan kamfanin NNPC ya gaji aikin a 1966. Sai tsadar takarda ta zo bayan faɗuwar darajar naira a 1986, bugun littafin yara mai hoto ya zama kasuwancin da ba kowa ke kusantarsa ba.

Wani zai ce, ai har yanzu ana samun Magana Jari Ce a kasuwa, me ya kawo wahalar neman tsoho? Gaskiya ne ana samu. Sai dai a ɗauki tsohon bugu a ajiye kusa da irin wanda 'yan satar fasaha ke bugawa, a dubi hotunan. Su daga wani bugu suke ɗaukar hoto su sake bugawa, wani kuma ya ɗauka daga nasu, har zanen ya dusashe, fuskar sarki ta koma dunƙulen baƙin tawada. Babba yana iya haƙuri da wannan, domin labarin yake bi. Yaro ɗan shekara huɗu kuwa hoton yake karantawa kafin ya san baƙi. A cikin hoton ne yake ganin zaure da rumbu da rawani da doki da sirdinsa, ya gane cewa abin da ke ƙofar gidan kakansa ya isa a sa shi a littafi. Ba mu ƙi littattafan ƙasashen waje ba. Shi kansa Imam ya ɗebo daga labarun Larabawa da na Indiya da na Turai, Iliya kuma asalinsa jarumin Rasha ne, Ahmadu Ingawa ya sa masa rigar Hausa. Abin da muke gudu shi ne yaron da bai taɓa ganin komai a littafi ba sai dusar ƙanƙara da tuffa.

Akwai abin mamaki a nan. A gidajen malamai ana samun littattafan da aka rubuta da hannu shekara ɗari biyu da suka wuce, suna nan garau cikin gafaka, alhali littafin bokon da aka buga shekara hamsin kacal ya zama gari. Dalili biyu ne. Takardar malamai, wadda fatake ke kawowa ta hamada, daga tsumma aka yi ta, ita kuwa tana jure zamani. Takardar littafin makaranta daga itace aka yi ta, tana ja ta yi ƙarmas, ƙarfen da aka ɗinke ta da shi kuma ya yi tsatsa ya cinye tsakiyar littafin. Dalili na biyu ya fi ciwo: gafaka tana da mai ita, littafin aji biyu kuwa ba shi da mai shi. Da an ci jarrabawa sai ƙani ya gada, daga ƙani sai gara da ɗigon soro, abin da ya rage kuma mai ƙosai ta ƙunshe ƙosai da shi.

Saboda haka nema ya kama mu. A fara da gida, cikin tsohuwar adakar uwa da akwatin kawu wanda ya yi aikin koyarwa. Tsofaffin malaman firamare su ne rumbun wannan kaya, sau da yawa kuma kyauta za su bayar in sun ga mai so. Daga nan sai masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi da cikin manyan kasuwanni irin Sabon Gari ta Kano. In an samu, kada a yi gaggawar biya. A ƙirga shafuna tukuna, domin na farko da na ƙarshe su ke fara ɓacewa. In an ga guda biyu masu rauni, a saye su duka, mai ɗinkin littafi zai haɗa su ya fitar da ɗaya lafiyayye. Kada a goge sunan yaron da ya rubuta a bango, kada kuma a yage wurin kuɗin. Wanda aka rubuta kuɗinsa da sule da kwabo, to, kafin 1973 aka buga shi. A gida kuma a nisanta shi da ƙasa da jikin bango, a naɗe shi da takarda maimakon leda, don leda tana riƙe laima.

Sai mu yi hattara da abu guda. Mai tara littafi yana da cuta irin ta marowaci, ya kulle a kabad ya hana kowa taɓawa. Mu ba gidan tarihi muke ginawa ba. Don yara muke nema, yaro kuwa sai ya riƙe, sai ya shafa, wata rana ma sai ya yaga. A zauna da shi bayan sallar isha, lokacin da a da ake tatsuniya, a bar shi ya faɗi abin da ya gani a hoto kafin a karanta masa. In an zo wurin da zamani ya sauya, kamar zancen bayi a Shaihu Umar, a tsaya a yi masa bayani daidai hankalinsa. In kuma ya ƙi wanda muka fi ƙauna ya zaɓi wani, a ƙyale shi.

Mun san yawancin masu saurarenmu ba su yi aure ba tukuna, wasu ma suna murmushi. Ku ne kuka fi dacewa da aikin, domin kafin ɗanku na fari ya isa karatu, abin da ke hannun 'yan gwanjo yau ya ƙare.

Shawararmu ga ƙungiya ita ce, in an dawo daga hutu kowa ya zo da littafi ɗaya daga garinsu. Sakatare ya buɗe rajista a rubuta sunan littafi da shekarar bugu da shafunan da suka ɓace. Wanda aka samu biyu a yi musaya da shi, wanda kuwa ya zama shi kaɗai ne a ɗauki hoton shafunansa kafin a mayar wa mai shi.