JAWABI A KAN MATAN DA SUKA JURE WAHALA AMMA TARIHI BAI CIKA AMBATONSU BA

 Ina gode wa kwamitin shirya wannan biki na cika shekara 50 saboda damar da aka ba ni in yi magana a gabanku.

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. A ranar biki irin wannan mukan karanta sunayen waɗanda suka kafa aiki da waɗanda suka shugabance shi, kuma hakan daidai ne. Amma in kun duba jerin, kusan duka maza ne. A ƙasarmu ta Zamfara ma, tarihin baka ya riƙe sunan Sarauniya 'Yargoje domin ta yi sarauta, amma matan da suka yi daka da ɗiban ruwa a zamaninta babu wanda ya san sunan ko ɗaya. Saboda haka zan kawo muku misali huɗu na mata waɗanda suka sha wuya, ba su kuwa karai ba.

NA FARKO: BABA TA KARO

An haifi Baba wajen 1877, ta yi rayuwarta a ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zariya. Ta tashi a zamanin harin bayi, lokacin da mace kan fita gona ko rafi ba ta da tabbacin komowa gida. An kama wasu daga cikin danginta, sai da aka tara wuri aka fanso su. Ta yi aure sau huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba, ku kuwa iyayenmu mata kun san irin gorin da mace kan sha a kan wannan. Baba ba ta zauna tana kuka ba. Ta riƙi 'ya'yan dangi ta goya su kamar nata. Tsakanin 1949 da 1950, a garin Giwa, ta zauna da wata Baturiya mai suna Mary Smith ta ba ta labarin rayuwarta da Hausa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, ba ta gan shi da idonta ba. Wannan tsohuwa da ba ta shiga makarantar boko ba, bakinta ne ya zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da masana ke bi su san zaman matan Hausawa kafin zuwan Turawa.

NA BIYU: MATAN MIANGO

Ana ba da labari cewa a 1930, a Miango ta ƙasar Filato, wata mace ta kusa rasa ranta wajen haihuwa. Matan ekklesiyar wurin, a zamanin mishan ta SIM, suka tara 'yan kuɗinsu suka sayi keke domin a riƙa kai mara lafiya wurin magani da sauri. Daga irin wannan ƙaramin taimako ne Zumuntar Mata ta samo tushe, ga shi kuwa ta bazu cikin ekklesiyoyi dabam dabam a Arewa. 'Yan'uwa, keke ɗaya ne fa. Ba su jira gwamnati ba, ba su jira Bature ba. Sun gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

NA UKU: HADIZATU MANI

Littafin Firistoci sura 25 ya nuna mana cewa shekara ta 50 shekarar sakin bayi ce, don haka labarin wannan mata ya dace da ranar yau. Hadizatu 'yar Jamhuriyar Nijar ce, daga yankin Birnin Ƙonni, nan kusa da iyakar Sakkwato. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita a kan sefa 240,000 ga wani mutum da ya mai da ita wahaya. Shekara tara tana aikin gida da na gona, tana shan duka. Bayan Nijar ta kafa dokar hukunta masu bautar da mutane a 2003, ya ba ta takardar 'yanci a 2005, amma ya ce har yanzu matarsa ce. Da ta auri wanda take so, aka yanke mata ɗaurin wata shida bisa laifin aure kan aure, ta yi wata biyu a kurkuku. Duk da haka ba ta yi shiru ba. Da taimakon ƙungiyar Timidria ta kai ƙarar gwamnatin ƙasarta gaban kotun ECOWAS. Ranar 27 ga Oktoba, 2008, kotun ta ce gwamnati ta kasa kare ta daga bauta, ta kuma umarta a biya ta diyyar sefa miliyan 10. A 2009 aka ba ta lambar yabo ta jaruntakar mata a Amurka.

NA HUƊU: IYAYE MATA NA ANKA DA BUKKUYUM

Wannan kuwa a ƙofar gidanmu ya faru. A 2010 aka gano cewa gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariya tana kashe yara a ƙauyuka irin su 'Yargalma, Dareta da Abare, daga baya har da Bagega. A cikin gidaje ake daka duwatsun, ƙurar ta gauraye da ƙasar da yara ke rarrafe a kai. Yara fiye da 400 suka rasu. Akwai matan da suka binne ɗa, suka goya ƙanensa zuwa asibiti a Anka ko Bukkuyum, suka kwana makonni a gefen gado har likitocin ƙungiyar MSF suka gama ba shi magani. Rahotanni sun ƙirga yaran, amma ba su cika rubuta sunayen iyayen ba. Irin wannan jimiri muka sake gani lokacin ambaliyar Gummi ta watan Agusta 2024, da kuma wurin matan da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukansu.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Me ya sa muka san Baba? Domin wata ta zauna ta saurare ta, ta rubuta. A cikin wannan ekklesiya akwai tsofaffin da suka ɗebo ruwa da yashi a ka lokacin da ake gini, akwai gwauraye da suka biya kuɗin makarantar 'ya'yansu da sayar da ƙosai da ƙuli-ƙuli. Kowace shekara muna rasa wasunsu. Don haka ina roƙon abu uku.

1. Matasa su ɗauki littafi da biro, su zauna da kowace tsohuwa a cikinmu, su rubuta sunanta, garinsu da abin da ta gani, a ajiye a ofishin ekklesiya kafin ƙarshen wannan shekara.

2. Dattawa da Zumuntar Mata su keɓe wani kaso na baiko domin gwauraye da matan da suka yi gudun hijira, ba tare da duban addini ko ƙabila ba.

3. Iyaye maza, kada a cire yarinya daga makaranta domin aure ko talla. Shekarun Hadizatu 12 ne lokacin da aka sayar da ita.

Iyayenmu mata, sannunku da aiki. Allah ya sāka muku, ya ba ƙasarmu salama, ya sa waɗanda za su yi bikin shekara 100 su tarar da sunayenku a rubuce. Amin.